Babi na Biyu: Me Ya Sa Takardar Wani Take Ci?

Duk wanda ya taɓa bin takarda a Sakatariyar Tarayya ko a ofishin wata ƙaramar hukuma a Abuja ya san wannan tambaya, ko dai ya yi ta da bakinsa ko ya ji ta a bakin wani: mu biyu muka rubuta, buƙatarmu ɗaya, a mako ɗaya muka miƙa, to me ya sa shi aka kira shi, ni kuwa shiru kake ji kamar an shuka dusa? Amsar da ta fi saurin fitowa ita ce, ai yana da uwa a gindin murhu. Sau da yawa hakan ne, ba sai mun ruɗi juna ba. Wasu kuma su ce baiwa ce, Allah Ya hore masa baki da alƙalami, wanda bai samu ba sai haƙuri.

To amma akwai takardun da masu su ba su san kowa ba, ba kuma wasu fasihai ba ne, duk da haka suka ci. Akwai kuma masu gaskiya a hannu waɗanda takardarsu ta mutu a cikin fayil, don kawai wanda ya karanta ta ya kai ƙarshe bai gane abin da ake so ya yi ba. Waɗannan su ne shaidar cewa shawo kan mutum da rubutu sana'a ce mai ƙa'idoji, kuma koyonta ake yi.

Darasin da ya daɗe a zaure

Ba baƙon ilimi ba ne a ƙasar Hausa. Ɗalibin da ya yi nisa a karatun zaure, idan ya ƙoshi da nahawu da sarfu, akan buɗe masa littattafan balaga. Akwai *Jauharul Maknun* na Abdurrahman Al-Akhdari, wato mai littafin Ahalari da yara ke fara koyon tsarki da salla da shi. Akwai *Uƙudul Juman* na Imam Suyuɗi, malamin Masar da har wasiƙar nasiha ya taɓa aiko wa sarakunan Katsina da Agadas. Akwai kuma *Talkhisul Miftah* na Ƙazwini. Da baiwa ce kawai, da waɗannan malamai ba su ɓata tawadarsu wajen tsara mata babi-babi ba.

Sun kasa fannin kashi uku. Na farko yana duba yadda ake gina jimla don ta dace da halin mai sauraro. Na biyu yana duba kamance da aron ma'ana da kinaya. Na uku shi ne na ado, irin su dacewar ƙarshen kalmomi da wasa da harshe. Abin lura shi ne jerin. Yawancinmu da mun ji an ce wane ya iya rubutu, sai hankalinmu ya tafi ga adon, ga manyan kalmomi da dogon Turanci. Malaman kuwa adon suka sa a ƙarshe, suka ce ma ba a komawa kansa sai an tabbata maganar ta dace da wanda ake yi wa ita.

Wa kake yi wa magana?

Cikin darussan farko na kashin farko akwai wanda ni a ganina ya fi duk sauran amfani ga mai rubuta takarda a yau. Malaman suka ce mai sauraro iri uku ne. Akwai wanda bai san komai game da zancen ba, zuciyarsa fayau take. Akwai mai kokwanto, ya ji ƙishin-ƙishin amma bai tabbatar ba. Akwai kuma mai musu, wanda ya riga ya yanke cewa ba haka ba ne. Kowanne da irin jimlar da ta dace da shi.

Ga na farko sai ka ce, "Audu ya dawo." Shi ke nan, ya ji ya karɓa. Ga na biyu sai ka ɗan ƙarfafa: "Lalle Audu ya dawo." Na uku kuwa sai ka haɗa masa da rantsuwa da shaida: "Wallahi Audu ya dawo, da idona na gan shi a tasha." Kowane Bahaushe yana yin wannan kullum ba tare da ya san sunansa ba.

Yanzu juya lamarin ka ga ɓarnar. Ka shiga gida, ba wanda ya tambaye ka, ba wanda ya yi maka gardama, sai ka ce, "Wallahi tallahi Audu ya dawo." Nan take za a dube ka a ce, to wa ya ce bai dawo ba? Rantsuwar da ka yi don a yarda ita ce ta shuka shakka a zuciyar da da ba ta da ita. Haka takardu da yawa suke kashe kansu. Jami'in da ke karantawa bai taɓa jin labarinka ba, ba ya gaba da kai, bayani kawai yake jira. Kai kuwa ka zo masa da zafi, da jadadda kowace jimla, da "kowa ya sani" da "babu shakka", kamar wanda aka riga aka ƙaryata. Sai ya fara tunanin ko akwai lauje cikin naɗi. Akasin haka ma kuskure ne: ka san sarai mutumin nan ba ya tare da kai, amma ka aika masa da zance sako-sako ba shaida ko ɗaya.

A magana ta baka, fuskar mutum tana gaya maka a wane rukuni yake, sai ka gyara kafin ka rufe baki. A rubutu babu fuska. Dole ka zauna ka hango shi tun kafin ka ɗora alƙalami.

A Abuja kuma abin ya fi haka wuya, domin takarda ba hannu ɗaya take shiga ba. Akawu ya karɓa ya buga mata hatimi, a sa ta a fayil, wani ƙaramin jami'i ya karanta ya rubuta 'yan layuka a kai yana taƙaita abin da ta ƙunsa, sannan ta haura wajen darakta, wani lokaci har ga babban sakatare ko minista. Wanda zai yanke hukunci sau da yawa waɗannan 'yan layukan zai fara karantawa, idan aiki ya yi masa yawa ma a nan zai tsaya. Ke nan mai karatunka na farko shi ne wancan ƙaramin jami'in. Idan bai iya tsamo buƙatarka ya faɗe ta a layi biyu ba, to abin da ya fahimta shi zai haura sama da sunanka.

Birnin da aka fara ginawa a kan takarda

Shi kansa garin da muke zancensa hujja ce ta haife shi. A watan Agustan 1975 gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta naɗa kwamiti ƙarƙashin Mai Shari'a Akinola Aguda, da mutane irin su Tai Solarin a ciki, aka ce su duba ko Legas za ta iya ci gaba da zama babban birnin tarayya kuma babban birnin jiha a lokaci guda, idan ba za ta iya ba kuma, ina za a koma. Suka zagaya ƙasa, suka karɓi takardun shawarwari, suka miƙa rahoto a watan Disamba. Ranar 3 ga Fabrairun 1976 Murtala ya sanar wa ƙasa cewa an amince, aka kafa Doka ta 6 ta wannan shekara, aka yanki fili mai faɗin kusan murabba'in kilomita 8,000 a tsakiyar Najeriya.

Dubi yadda aka jera hujjar. Ba a fara da yabon sabon wuri ba. An fara ne da abin da ba mai iya musawa: Legas ta cushe, teku da tafki sun tokare ta, babu filin faɗaɗawa, duk wanda ya taɓa kwana cikin cunkoson motocinta shaida ne. Sai da mai sauraro ya gyaɗa kai a kan wannan, sannan aka matsa zuwa ma'aunan da za a auna kowane wuri da su: kasancewa a tsakiya, lafiyar yanayi, wadatar fili da ruwa, tsaro, da sauransu. Wannan dabara ce babba. Idan mutum ya yarda da mudun tun kafin a zuba hatsi, da wuya ya yi gardamar awo. Daga nan sai hujjar da ta taɓa zuciya, a ƙasar da kimanin shekara 6 kacal ke nan da fitowarta daga yaƙin basasa: sabon birnin ba zai kasance a hannun ɗaya daga cikin manyan ƙabilun nan uku ba, na kowa ne. Ba a kuma manta da wanda zai yi asara ba. A jawabinsa Murtala ya kwantar wa mutanen Legas hankali cewa garinsu zai ci gaba da zama cibiyar kasuwancin ƙasa, kuma gwamnatin tarayya ba za ta yasar da shi ba.

Wani zai ce ai mulkin soja ne, ba ya buƙatar shawo kan kowa. Gaskiya ne a ranar sanarwar. Amma kwana 10 bayan jawabin aka kashe Murtala, kuma dokar da soja ya kafa wani soja na iya soke ta da safiya ɗaya. Obasanjo ya zo, Shagari ya zo, Buhari ya zo, tattalin arziki ya tashi ya faɗi, duk da haka ba wanda ya janye shawarar, har ranar 12 ga Disamban 1991 da Babangida ya tare a Abuja. Mai maganar ya tafi tuni, hujjar ce ta yi ta tsare kanta tsawon shekara 15.

Sai dai akwai gurbin da hujjar ta yi rauni, kuma ya kamata mai koyo ya dube shi da kyau. An gabatar da filin kamar mutanen da ke cikinsa 'yan kaɗan ne, za a kwashe su a sake musu matsuguni a waje da kuɗin gwamnati. Ba a daɗe ba aka gano cewa Gbagyi da Koro da Gade da Gwandara da Bassa da sauran masu ƙasar sun fi yadda aka zata yawa nesa ba kusa ba, kuɗin ba zai kai ba, dole aka sauya tsarin. Har yau batun diyya da matsuguni bai kwanta ba. Jimlar ta yi daɗin ji a 1976, ta kuma taimaka wajen samun yarda, amma ba a ƙirga da kyau ba kafin a faɗe ta. Abin da marubuci ya tsallake don zancensa ya yi santsi ba ya ɓacewa, jiran lokacinsa yake yi.

Ka kawo hujjar abokin gardamarka da kanka

Ga mai musu kuwa, babu misalin da ya kai wanda ke cikin tarihinmu. Bayan da mayaƙan jihadi suka auka wa Barno har Birnin Gazargamu ya faɗi a 1808, Shehu Muhammadul Amin Al-Kanemi ya rubuta wa shugabannin jama'ar Shehu Usmanu wasiƙa yana tambayar dalilin yaƙar mutanen da ke salla da azumi. Bai musa cewa akwai ɓarna a Barno ba. Ya amsa cewa akwai cin hanci da zaluncin mahukunta da wasu al'adu marasa kyau, sannan ya ce waɗannan saɓo ne, saɓo kuwa ba ya fitar da mutum daga Musulunci, ga su nan ma ana yi har a Masar ba wanda ya ɗaura wa mutanenta yaƙi. Ya kuma nuna ya karanta littattafan Shehu, yana girmama su, da su ma yake kafa hujja.

Muhammadu Bello ya ba da amsa, ya mayar da nauyin zancen kan cewa masu mulkin Barno sun goyi bayan sarakunan da ke yaƙar jama'a, wannan ne tushen rigimar. Ba aikin wannan babi ba ne ya raba gardamar, malamai sun daɗe suna tattauna ta. Abin da ya shafe mu shi ne abin da Bello ya yi da ya zo rubuta *Infaƙul Maisur* a 1812: ya kwafo maganar Al-Kanemi cikin littafinsa, da ƙarfinta, sannan ya bi ta da raddi. Yau mun san hujjar Barno ne ta alƙalamin mutumin Sakkwato.

Ka gwada wannan da abin da muke gani a Facebook, inda mutum zai ƙirƙiro wa abokin gardamarsa wata maganar wauta da bai taɓa faɗa ba, ya rushe ta, magoya baya su yi ta tafi. Wanda yake tare da kai ya ji daɗi, amma da ma ba shi kake nema ba. Mai kokwanton da ke gefe, wanda ya san ainihin abin da ɗaya ɓangaren ke cewa, ya riga ya cire ka daga sahun masu adalci.

Takarda biyu a kan rijiya ɗaya

Mu sauko ƙasa. A ce wata unguwa ce a yankin Bwari ko Kuje rijiyar burtsatsensu ta lalace, suna so ciyaman ya sa a gyara.

Takarda ta farko irin wadda aka saba ce. Rabin shafi na kirari: uban marayu, gatan talakawa, wanda ba a taɓa yin irinsa ba. Sai tarihin unguwa tun kafuwarta. Sai kukan hanya da na wutar lantarki da na rufin makaranta, rijiyar tana can tsakiya a maƙale. A ƙarshe a ce ana roƙo a dube su da idon rahama. Idan mai zafin kai ne ya riƙe alƙalamin, ya ƙara da cewa zaɓe na nan tafe. Gaisuwa wajibi ce, ba Bahaushen da zai faɗa wa babba da buƙata ba sallama, amma layi ɗaya ya wadatar. Yabon da ya zarce haka yana mayar da mai haƙƙi maroƙi, maroƙi kuwa abin da aka ga dama ake ba shi. Barazanar kuma ta ɗauki mutumin da ba ya musu ta mayar da shi mai musu.

Ta biyu bayan gaisuwa sai ta ce: "Ranka ya daɗe, muna roƙon a turo injiniya ya duba rijiyar burtsatsen unguwarmu, a kuma sauya injin da ke jawo ruwa, wanda ya ƙone tun farkon rani." Jami'in da zai taƙaita ya riga ya samu layinsa. Sai ta faɗi gidaje nawa ke sha daga rijiyar, bayan an bi gida-gida an ƙirga, da nawa ake sayen jarka a hannun 'yan garuwa da can da yanzu. Sai hoto ɗaya tak na gaskiya, cewa 'yan mata suna makarar zuwa makaranta saboda neman ruwa, shugabar makarantar kuma ta sa hannu a ƙasa. Sai ta tari abin da ciyaman zai faɗa tun bai faɗa ba. Zai ce babu kuɗi a kasafin bana, don haka ga kiyasin mai gyara an liƙa, unguwa kuma ta ɗauki nauyin kuɗin aiki. Zai ce gobe ma lalacewa za ta yi, don haka ga sunayen kwamitin da zai riƙa kula da ita. Mai unguwa da liman da kansila sun sa hannu. Shafi ɗaya.

Sama da shekara 2,300 da suka wuce Aristotal na Girka ya ce abu uku ke sa a yarda da magana: amincewa da mai yin ta, da hujjar da ke cikinta, da abin da ta motsa a zuciyar mai ji. Malaman Musulunci irin su Ibn Rushd sun yi wa littafin nasa sharhi. Duka ukun suna cikin takarda ta biyu, kuma babu kalma ɗaya a cikinta da ɗan aji shida na firamare ba zai gane ba. Da Turanci za a buga ta ko da Hausa, ginin ɗaya ne. Mai buga takardu a shago zai iya gyara maka nahawu, amma ba zai iya yi maka wannan tunanin ba, tsohon samfurin da ke cikin kwamfutarsa zai ɗauko ya sauya suna.

Yadda hannu ke faɗawa

Karanta ƙa'ida ba ya wadatarwa. Ka ɗauki sharhin jarida, na *Aminiya* ko wata, ka karanta da biro a hannu. Ka ja layi a ƙarƙashin jimlar da ke ɗauke da abin da marubucin ke so ka yarda da shi, ka nemi shaidar da ya kawo, ka duba ko ya tari masu musu. Za ka yi mamakin yawan rubutun da ke da amo amma ba shi da wannan jimla ko kaɗan. Bayan haka ka zaɓi batun da kake da ra'ayi mai ƙarfi a kai, ka rubuta wa ɗaya ɓangaren shafi guda, da kyau, yadda mai wancan ra'ayi zai karanta ya ce lalle haka nake nufi. Yana da ɗaci, amma babu atisayen da ya fi shi.

Sannan ka karanta abin da ka rubuta a bayyane. Lokacin da aka fara buga *Gaskiya Ta Fi Kwabo* a Zariya a 1939, da Abubakar Imam a matsayin editan Hausa, masu iya karatun boko kaɗan ne, mutum ɗaya kan karanta jama'a na sauraro. Rubutun da aka yi don kunne ba ya jure jimlar da numfashi ke ƙarewa a tsakiyarta, shi ya sa har yau Hausar Imam take shiga ba tare da an tauna ba. Ka samu wanda bai san zancen ba, ƙanwarka ko maƙwabcinka, ka karanta masa sau ɗaya, ka tambaye shi: me nake roƙo a nan? Idan ya yi jim, takardar ce za a sake.

Duk wannan ya rataya ne a kan abu ɗaya da muka wuce da sauri, wato shaida. Mutanen unguwar can sun iya ƙirga gidajensu da ƙafa, amma yaya za su san ko an taɓa ware kuɗin gyaran rijiyar a kasafin bara, da wanda aka ba kwangilar? Tun 2011 Najeriya take da Dokar 'Yancin Samun Bayanai, wadda ta ba kowane ɗan ƙasa damar neman irin waɗannan takardu a rubuce, ta kuma ɗora wa hukuma ba da amsa cikin kwana 7. Babi na gaba zai bi hanyoyin tattara shaida ɗaya bayan ɗaya, ya fara da yadda ake rubuta wannan wasiƙar neman bayani, da abin da mutum zai yi idan kwana bakwan suka cika ba a ce masa uffan ba.